Gadon Magina a Tsakar Gidan Mai Kitso

Mai Kitso tana tsakiyar tsaga kan Sista, wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa mata duk mako biyu, sai ta ga kan wata doguwar gora ya leƙo ta ƙofar gida. Gorar ta yi ta shigowa, ta yi ta shigowa kamar ba ta da ƙarshe. Sai can a gindinta wani gajeren mutum ya bayyana, kansa ɗaure da tsumma, ƙafafunsa fari fat da siminti. A nan ne ya tuna da sallama.

"Salamu alaikum. A gafarce mu, Uwargida, za mu shigo da kaya."

Sista ta yi wuf ta fizgi ɗankwali ta rufe kanta, rabi a kitse rabi a tsefe.

"Ku shigo da kaya ina?" in ji Mai Kitso. "Nan ba hanya ba ce, malam. Daga nan sai banɗaki."

"Ai nan ɗin muka zo. Maigidan bai gaya miki ba?"

Bai gaya mata ba. Da safen nan ya sha shayinsa, ya goge takalminsa, ya tafi ma'ajiyar kayan da yake aiki, ya kuma fita da sauri fiye da kullum. Yanzu ta gane dalilin saurin.

Gajeren mutumin shi ne shugaban maginan da ke gina wa Yaya Babba, wan mijinta, bene a filin da ke jikin gidansu. Duk layin Saura Kaɗan ake ce masa, domin ko tushe yake haƙawa ka tambaye shi yaya aiki, amsar da zai ba ka ke nan. Ya jingine gorar, ya nuna bangon benen da haɓa. Tun watannin baya aka rushe tsohuwar katangar da ke tsakanin gidajen biyu, bangon benen ya tsaya a gurbinta, daidai kan iyaka, ko reza ba za ta shiga tsakani ba. Yanzu lokacin filasta ya zo. Bayan bangon kuwa ba wani wuri ba ne illa tsakar gidan Mai Kitso.

"Gado za mu kafa," ya ce, "na gora da katako, wanda za mu hau mu shafe bangon. Wallahi tun ranar tushe na gaya wa mai ginin. Na ce ranka ya daɗe, a ja baya taku biyu. Gadon magina yana son wuri. Ƙafafunsa sai sun buɗe, ga tokara, ga tsani, ga hanyar mai miƙo kwano. Ya ce shi bai sayi fili don ƙadangaru su yi tsere ba."

Ya fara auna tsakar gidan da ƙafa, yana ƙirgawa a fili. Faɗinta taku biyar ne. Gadon zai ci biyu. Tokara za ta ci ɗaya. Wurin kwaɓa siminti ma ɗaya. Ya waiwayo yana murmushi kamar wanda ya yi mata kyauta.

"Kin ga har an bar miki ɗaya cif."

"Kwana nawa?"

"Uku. In ma ya yi yawa ke nan."

Da yamma maigidan ya dawo, ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin gora, ya tsallake tarin yashi, ya shiga ɗaki kamar bai ga komai ba. Ta ajiye masa abinci, ta zauna tana kallonsa har ya tsame hannu daga kwanon.

"Na so in gaya miki," ya ce, "sai na ga kina cikin aiki."

"Ina cikin aikin dafa maka shayi."

"Yaya ne fa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ya zo da kansa, ya zauna, ya ce ƙanina ka taimaka. Da wane baki zan ce a'a? Kwana uku ne kawai. Zumunci a ƙafa yake."

"Na gani," ta ce. "Ƙafafunsa goma sha biyu, duk a tsakar gidana."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya nemi ƙarin miya.

Tsakar gidan nan ita ce komai na Mai Kitso. Nan take girki, nan take wanki da shanya, nan kuma take sana'arta, a gindin wata bishiyar lemun tsami da ta shuka da hannunta, inda haske ke sauka sosai har ta ga silin gashi ɗaya-ɗaya. Mata suna zuwa mata daga layi uku, su cire ɗankwali, su miƙe ƙafa, su saki baki, domin sun san daga su sai sararin sama.

Rana ta farko aka sare wa lemun reshe biyu, wai suna tokare da katako. Rana ta biyu aka kwance igiyar shanya aka ɗaure gora da ita. Rana ta uku leburori suka gano randarta ta fi kusa da su a kan famfon gidan Yaya, suka kuma gano turminta yana da daɗin zama in an kifa shi. Ta tambayi Saura Kaɗan ko yau ne za a kwance.

"Saura kaɗan, Uwargida."

Ta matsar da kujerarta zuwa takun da aka bar mata, jikin ƙofar kicin. Sai dai duk inda ta koma, akwai maza huɗu a sama da kanta. Ba su da laifi, a cewarsu. Ido ne, ba a ɗaure shi da igiya. Amma mace ba ta buɗe kai tana jin tari daga sama. Matar mai kanti ta zo, ta ɗaga kai, ta ga tafin ƙafa takwas, ta tuna ta bar tukunya a wuta. Wata malamar makaranta ta yarda a yi mata, amma da sharaɗin a lulluɓe su da zani, ita da mai kitson. Suka shiga ƙarƙashin zanin kamar masu turaren zazzaɓi, zufa na tsiyaya, Mai Kitso tana laluben tsaga a duhu. Da aka gama aka kawo madubi, layin kitson ya tafi kamar hanyar mashayi. Malamar ta yi godiya a hankali. Ba ta sake dawowa ba.

Sista kaɗai ta daure, ta ce ita ta ga abin da ya fi wannan a wurin aiki. A rana ta goma sha biyu an yi mata ƙananan kitso, aikin awa uku, an shafe shi da mai yana ta sheƙi, ana kan na ƙarshe, sai wani curin siminti ɗanye ya taho daga sama ya zauna mata a tsakar ka, ɗaf.

Magina suka leƙo daga sama.

"Kada a bari ya bushe," wata murya ta ce daga kan gadon, cikin tausayi. "Mai ƙarfi ne, buhu ɗaya da baro biyu muka kwaɓa."

Abin da Sista ta faɗa ba ya maimaituwa. An wanke kan sau uku, an tsefe aikin awa ukun gaba ɗaya, Mai Kitso tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba.

Banɗakin kuma ba shi da rufi, domin tun da aka gina gidan babu mai hango shi sai tsuntsaye. Yanzu dole ta yi wanka kafin magina su iso, ko ta jira sai sun tashi. Ranar da ta makara, ta ɗauki lema ta shiga da ita. Hannu ɗaya riƙe da lema, ɗaya da soso, bokiti na kallonta. Ta fito da sabulu a bayan kunne, tana magana ita kaɗai.

Girki ma ya zama da dabara. Murfin tukunya ba ya ɗaguwa sai an duba sama. Duk da haka wata rana maigidan ya tauna wani abu ƙaras, ya dafe kunci.

"Shinkafar nan ba ki tsince ta ba ne?"

"Na tsince. Wannan benen yayanka ne. Ci a hankali, rabonka ne."

Ana cikin mako na uku, aikin ya tsaya cak. Siminti ya ƙare, Yaya Babba ya yi tafiya, magina suka koma wani aikin a bayan kasuwa. Mai Kitso ta yi hamdala, ta ɗauka za a kwashe kayan. Ta tare Saura Kaɗan a kan hanya.

"A kwance? Haba, Uwargida. Kwance gado da sake ɗaura shi aikin yini biyu ne. Wa zai so a yi aiki sau biyu? Ki bar shi kawai, ba ya cin abinci."

Ba ya cin abinci, amma ya ci tsakar gida. Ya tsaya nan da ƙusoshinsa a waje. Ɗaya ta yage mata zani, ɗaya ta kama gyalen wata baƙuwa har sai da aka yanke shi. Kajin maƙwabta suka mai da shi wurin hutawa, suna sakin abin da suke saki daga hawa na biyu. Ruwan sama ya zo ya kwashe tarin yashin ya cusa a magudana, ruwa ya taru ya shiga kicin har idon sawu. Ita ta kwashe shi da kwano, ita ta tone magudanar da sanda.

Ta mai da kitso cikin ɗakin kwana. Ɗakin taga ɗaya gare shi, gadon magina kuma ya tsaya a bakinta. Tana kitso da fitilar waya a baki, wuyanta ya sage, idanunta suka riƙa yin ja suna zubar da ruwa. Kan da take gamawa a awa biyu ya koma cin yini. Mata suka fara wuce ƙofarta da sabon kitso a ka, suna gaishe ta da sauri suna gyara ɗankwali, don kada ta gane hannun wata. Tana ganewa. Tun daga nesa take ganewa.

Duk yamma tana faɗa wa maigidan, duk yamma yana da sabuwar amsa. Yau a jira Yaya ya dawo. Gobe ai Yaya ya dawo a gajiye, ba a tarar mutum da ƙorafi. Jibi an riga an yi nisa, abin da ya rage bai kai wanda ya wuce ba. Wani lokaci ya ce ita ma tana da zafin rai. Shi dai yana fita kafin a fara buga guduma, yana dawowa bayan an wanke cebur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa wannan maigidan kwana kawai yake a ɗakin.

A mako na bakwai magina suka dawo, da ƙarin gora. Yaya Babba ya ga benen wani abokinsa a inda ya je, ya yanke shawarar ƙara hawa ɗaya. Aka ƙara wa gadon tsawo, aka ƙara tokara. Sabuwar tokarar ta sauka a kan takun da aka bar mata.

Sai ga shi wata rana mura ta kwantar da maigidan, bai je aiki ba. Da hantsi ya ji dama-dama, ya ce a haɗa masa ruwan zafi. Ta haɗa, ta kai masa banɗaki, ta ajiye lemar a bakin ƙofa. Ya dubi lemar, ya dube ta, ya dubi sama babu ko alamar hadari, ya girgiza kai ya shige.

Ya saɓa sabulu tun daga ka har ƙafa, ido a rufe, yana 'yar waƙarsa, sai ya ji an ce daga sama:

"Sannu da jiki, ranka ya daɗe. Soson yana bayanka, ta hagu."

Ya fito da kumfa a gira, tawul a karkace.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne? A gidana? Tun yaushe ake haka?"

"Mako bakwai da kwana biyu," ta ce, tana yanka albasa.

Ya zura riga a bai-bai, ya ce yau za a yi ta ta ƙare, ya fita ya bugo ƙofa. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta ma ƙara nama a miya. Bayan awa ɗaya ya dawo, tafiya a hankali, da wani tsohon tamfol a naɗe a kafaɗa.

"Yaya ya nuna damuwa ƙwarai," ya ce. "Ya ce a rufe banɗakin da wannan. Kin ga ai ya kyauta."

"Gadon fa?"

"Ya zagaya da ni har sama. Kai, ba ki ga aiki ba! Daga can ana hango har tashar mota."

Ta tsame naman ta mayar cikin kwano.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi gidan Yaya Babba, wurin Inna, surukarta, wadda ke zaune a tsohon ɗaki can bayan benen. Rabonta da shiga tun kafin a ɗora bulo. Ƙofar gaba an tare ta da yashi, aka nuna mata ta zagaya ta ɗaya gefen. Da ta zagaya sai ta tsaya cak. Tsakanin benen da katangar maƙwabcin wancan gefen akwai wani lungu mai faɗi, shararre, wanda baro biyu za su gifta juna ba su gogu ba. An shafe bangon wajen tsaf, har an yi masa farar ƙasa. Wani lebura yana wanke kwano a wurin, ta tambaye shi.

"Ai wancan gidan tsohon ɗan sanda ne," ya ce. "Tun ranar awo ya fito da kujera da takardunsa ya zauna. Ya ce gora ɗaya ta leƙa masa gida, a gaban hukuma za a ƙarasa ginin. Shi ne mai ginin ya ce a bar masa taku uku, a tura ginin ta wajenku."

Ashe filin yana nan. Ba ƙadangaru aka hana ba.

Inna ta saurare ta tana jan carbi, ta ce duk ta ji, kuma abin ba daɗi. Sannan ta ce mace ita ce rufin asirin gida, haƙuri kuma ba ya ɓaci. Ta ce su a zamaninsu har akuya an ɗaure musu a ɗaki ba su ce uffan ba. Suna cikin haka Yaya Babba ya shigo, babban mutum mai babbar murya, makullai na ƙara a aljihunsa. Mai Kitso ta rusuna ta gaishe shi, ta sunkuyar da kai, domin tun da ta shigo dangin ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

"A'a, ƙanwata ce? Na ji an ce kina ɗan fama da ƙura. Ai gini haka yake." Ya zauna ya miƙe ƙafa. "Ni abin da nake so ki gane, babu gidana babu gidanku. Wancan bare ne, dole a yi masa iyaka. Mu kuwa ciki ɗaya muka fito. Tsakar gidanku tawa ce, nan ma naku ne. Ko ba haka ba, Inna?"

"Haka ne," in ji Inna.

"Nan ma namu ne, Yaya?" Mai Kitso ta tambaya, kanta a ƙasa.

"Har abada. Kullum ƙofa a buɗe take."

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma."

Da za ta fita ta bi ta falon ƙasa, wanda aka riga aka gama. Faɗi kamar filin ƙwallo, farin tayil, manyan tagogi uku, haske ya cika shi har yana kashe ido. Ta daɗe a tsaye tana kallon hasken nan. A bakin leburan ta ji cewa jibi da hantsi wani babban ma'aikacin kamfani zai zo duba falon, yana neman inda zai buɗe ofis.

Ranar da yamma ta bi gida-gida. Ta je wa Sista, ta je wa matar mai kanti, ta je wa duk wadda ta guje ta. Ta ce ta samu sabon wuri, babu ƙura babu ido, kuma kan farko kyauta ne.

Jibin da hantsi Yaya Babba ya fito daga motar baƙon yana bayani da hannu biyu, ga iska, ga haske, ga shiru kamar masallaci. Ya tura ƙofar falon.

Mata tara ne a ciki. Uku suna tsifa, gashi ya tashi tsaye kamar an tsorata shi. Biyu sun baje a kan tabarma suna ɓare gyaɗa. Wata tana shanya tawul a kan ƙarfen taga. Rediyo na yi. Tarin gashin da aka taje yana yawo a kan farin tayil, iska na kora shi daga kusurwa zuwa kusurwa. A tsakiya Mai Kitso na zaune a kan kujerarta, kan Sista a tsakanin gwiwoyinta, hannunta na gudu kamar ba a taɓa tsayar da shi ba.

Mata suka sa ihu suka rarumi ɗankwali. Baƙon ya ja da baya ya taka kwalbar man kitso, ya yi 'yar rawa kafin ya kama ƙofa.

Mai Kitso ta sauko daga kujera ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Sannu da zuwa, baƙonmu. A gafarce mu, ba mu ji sallama ba."

"Mene ne wannan?" Muryar Yaya ta fito siririya, ba irin tasa ba.

"Maganarka na bi, Yaya, wadda ka yi a gaban Inna. Tunda ana aiki a wancan gefen namu, na ce bari in matso wannan gefen namu."

Baƙon ya dubi Yaya. "Ba ka ce min da masu haya a ciki ba."

"Ba masu haya ba ne! Iyali ne. Yanzu za su tashi."

"Yaushe za ku tashi, baiwar Allah?" baƙon ya tambaye ta.

"Da zarar an kwance gadon da ke gidana, ranka ya daɗe. Magini ya ce kwana uku."

Sista ta leƙo daga ƙarƙashin ɗankwali. "Ka samu kujera, malam. Kwana ukun nan da tsawo."

Baƙon ya ce zai yi waya. Ya fita yana goge takalmi a kan yashi, Yaya Babba na biye da shi yana rantsuwa.

Abin da aka kasa a mako bakwai, sai ga shi an yi a yini biyu. Aka ƙaro magina shida. Siminti ya fito daga inda yake ɓoye. Saura Kaɗan da kansa ya hau sama yana tsawa, Yaya Babba na tsaye a ƙasa da agogo a hannu. A yamma ta biyu gora ta ƙarshe ta fita ta ƙofar da ta shigo. Suka bar mata ramuka goma sha biyu, daskararren siminti a inda aka yi kwaɓi, da turmi mai tsaga.

Sai kuma aka kira taron dangi. Ba a kira shi don tsakar gidan da aka lalata ba, ko don sana'ar da aka kusa kashewa. An kira shi ne don matar ƙani ta kunyata babban wa a gaban baƙo. Kawu ya yi magana, gwaggo ta yi magana. Aka ce ko me aka yi mata, ai da ta bi ta hannun mijinta. Mijin yana zaune a gefe yana nazarin yatsun ƙafarsa. Aka ce Yaya mutum ne mai zuciya, har tamfol ya bayar. Babu wanda ya tambayi dalilin da bare ya samu taku uku don ya fito da takarda, 'yar gida kuma ta rasa biyar don ta yi kawaici. Babu wanda ya ga abin mamaki a ce an ari wuri daga hannun wanda ba ya wuni a cikinsa, ba a tambayi mai wuni a ciki ba. A ƙarshe aka ce ta ba da haƙuri. Ta durƙusa ta bayar. Yaya Babba ya ce ya yafe, domin shi ba ya riƙo. Kowa ya yaba masa.

A hanyar gida maigidan ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Amma fa kin yi ƙoƙari. Da kin ga fuskarsa."

"Da ka faɗa a can," ta ce.

Ta cike ramukan, ta kankare abin da zai kankaru, ta mayar da kujerarta wurinta na da. Sista ce ta fara zuwa. Ta cire ɗankwali, ta ɗaga kai ta duba sama don sabo, ba kowa. Ta yi dariya.

"To, kin yi nasara. Har asibiti na ba da labarin nan."

Mai Kitso ta ɗauki tsinke ta fara tsaga. Ta kai hannu, ta dawo da shi, ta karkata kan Sista hagu, ta karkata shi dama. Ƙarfe goma na safe ne, amma tsakar gidan kamar bayan la'asar. Bango hawa uku ya tsaya a gabas, sumul, an shafe shi da kyau, ya tare rana gaba ɗaya. A can ƙolinsa an fito da bakin bututun ruwan rufi guda biyu, duka suna kallon ƙofar kicin ɗinta.

"Lafiya dai?" in ji Sista. "Hannunki ya tsaya."

"Katako kawai suka kwashe, bangon yana nan," ta ce. "Riƙe min fitilar wayar nan, ki haska daidai inda yatsana yake."